Yadda Bashmuhandis Hishmat Ya Kai Madam Katina Shatbi

A duk unguwarmu ta Ibrahimiyya, kai, a duk Iskandariyya ma in shi ka tambaya, babu wanda ya san inji kamar Bashmuhandis Hishmat. Babban injiniya ke nan, wai. Mu dai da muka san shi mun san shekara talatin da huɗu ya yi a wani ofishi yana buga wa takardu hatimi, har ya yi ritaya bai taɓa ɗaga ƙarfen da ya fi hatimin nan nauyi ba. Sunan ya samo shi ne ranar da wuta ta ɗauke a benensu, ya taka kujera ya canja fis. Wutar ba ta dawo ba sai washegari da ma'aikata suka zo, amma sunan ya zauna daram. Tun daga ranar ya shiga soka biro uku a aljihun gaba, ya kuma daina barin kowa ya ƙarasa magana muddin an ambaci ƙarfe.

A ƙasan benen akwai gareji, a cikin garejin akwai mota lulluɓe da tamfol. Ta Hawaja Manoli ce, ɗan asalin Girka mai sayar da kayan jirgin ruwa, wanda ya rasu shekara tara da suka wuce. 'Yar motar tsere ce ta Ingila, koriya shar, kujera biyu, babu rufi, ta girmi rabin mutanen layin. Am Shahata mai gadi ne ke tada ta duk mako don kada ta kwanta, har bara da ta ƙi tashi, aka rufe ta aka bar ta. Shekara talatin Hishmat yana kallon motar nan yana haɗiyar yawu. Son ta yake yi, so na gaske, har mafarkinta yakan yi. Duk Lahadin da Hawaja ya fito da ita ya ɗauki matarsa suka bi bakin teku, Hishmat na tsaye a baranda yana gaya wa matarsa Awatif cewa mutumin nan bai iya canja giya ba.

To wata Lahadi da hantsi sai ga Madam Katina, matar marigayin, ta sauko da sandarta har gidan shayin da ke gaban benen. Shekararta tamanin da uku, ba ta saba shiga cikin maza ba, don haka aka yi saurin miƙa mata kujera.

"Ranar Asabar jirgina zai tashi," ta ce. "Zan koma wajen 'yata a Girka, kuma ba dawowa zan yi ba. Kafin nan ina so in je maƙabartar Shatbi in yi wa Manoli sallama. Ba a tasi ba. A motarsa. Wanda ya tada ta da makulli ya kai ni safiyar Juma'a, makullin ya zama nasa. 'Yata ba ta son ta, ni kuma ba ta shiga akwatina."

Usta Gabir, bakaniken da ke kwanar layin, mutum mai ƙarancin magana da baƙin farce, ya ajiye kofinsa.

"Madam, in kin ba ni kwana biyu..."

"Kwana biyu!" Hishmat ya miƙe har kujera ta faɗi. "Kin ji ko, Madam? Ina raye, maƙwabcinki na shekara talatin, za ki miƙa motar Ingila ga mai gyaran tasi? Irin wannan mota ba da hannu ake taɓa ta ba, da ilimi ake taɓa ta."

Madam Katina ta dube shi daga takalmi har biro.

"To, ya Bashmuhandis. Juma'a, ƙarfe tara. In ba ta tashi ba, ta Gabir ce."

Ranar Litinin aka yaye tamfol, aka turo motar bakin ƙofar gareji, aka cika mata batir. Hishmat ya shiga ya zauna, ya shafa sitiyari, ya gyara madubi, ya jira sai da gidan shayi ya juyo gaba ɗaya. Sannan ya murɗa makulli.

Ƙas.

Ya sake murɗawa. Ƙas.

Usta Gabir ya matso, ya karkata kunne. "Kik ne," ya ce, yana nufin ɗan injin nan da ke murza babban inji in an murɗa makulli. "Gawayinsa ya cinye. Ciro mini shi, kafin ka gama shayi biyu na canja maka."

"Faci ke nan!" Hishmat ya kece da dariya. "Kun gani, jama'a? Abin da ya kashe ƙasar nan ke nan, faci. Sabo zan sa mata, ya Usta. Sabo fil, wanda ya dace da darajarta."

Ya karɓi aron sifana, daga wajen Gabir ɗin dai, ya shige ƙarƙashin mota. Daga hantsi har la'asar ba a ganin komai nasa sai ƙafafu da jar safa. Ana dai jin ƙarar ƙarfe, da wayyo, da wasu kalmomi da ba a faɗar su kusa da masallaci. Can sai Awatif ta leƙo daga baranda.

"Shahata! Ƙafafun nan da nake gani, mai su yana motsi kuwa, ko in fara karɓar gaisuwa?"

"Yana motsi, ya Sitt, yanzu ma ya zagi uwar noti."

Da ƙyar ya fito da kik ɗin rungume a ƙirji, baƙi ƙirin, yatsunsa uku suna jini. Ana haka sai ga mai sayen tarkace da amalanken jakinsa yana ta kiran bikiya, bikiya, wato a kawo tsofaffin kaya. Hishmat ya ɗaga kik ɗin sama yadda kowa zai gani, ya jefa shi cikin amalanke tsakanin wata tsohuwar fanka da karyayyen gado.

"Kyauta ne! Tafi da shi!"

Usta Gabir ya bi amalanken da kallo har ya sha kwana. "Ka dai ƙirga haƙoransa?"

"Ni likitan haƙori ne?"

Yanzu fa duk wanda ya taɓa shiga kasuwar kayan mota a garin nan ya san doka ɗaya: kana tafe, tsohon naka na hannunka. Ko noti ba a saye sai an aza sabo a kan tsoho an ga sun yi daidai. Direban tasi ya sani, mai babur ya sani, matar da ke neman robar tukunya ma ta sani. Hishmat ya tafi ranar Talata yana kaɗa hannuwa biyu.

Hajji Rizk, mai babban shagon kik da janareto, ya tarbe shi da fara'a.

"Marhaba, ya Bey. Ina samfur?"

Hishmat ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa. "Samfur na nan. Da Bashmuhandis kake magana."

Shi ke nan kuwa. A wajenmu, da zarar mai saye ya ce shi Bashmuhandis ne, mai shago ya daina ba shi shawara. Ya koma "haka ne, ya Basha," da "ai kai ne malaminmu," ya bar shi ya zaɓi abin da zai halaka shi da hannunsa. Rashin ladabi ne ka gyara wa injiniya magana, kuma ba ya kawo ciniki.

"Wace irin mota ce, ya Bashmuhandis?"

"Ta Ingila. Ta tsere. Ƙarfi take so."

Ya bi kantoci yana ɗaga wannan yana yatsine fuska, yana ajiye wancan, har ya iske wani ƙaton kik a ƙasa wanda aka ciro daga injin kwale-kwalen kamun kifi. Ya gwada ɗagawa, bayansa ya amsa.

"Yawwa! Ka ji nauyi? Nauyi shi ne inganci."

"Ai kai ne malaminmu," in ji Hajji Rizk, yana kallon silin.

A jirgin ƙasan cikin gari ya dawo da shi, ya ba shi kujera guda, shi ya tsaya. Da ya iso, mutum biyu suka taya shi sauke shi a gefen motar. Kowa yana kallon kik, yana kallon mota. Am Shahata ne ya kasa daurewa.

"Ya Bashmuhandis, don Allah a ilmantar da jahili. Kik ɗin za a sa wa motar, ko motar za a sa wa kik ɗin?"

Gidan shayi ya ɗauka da dariya gaba ɗaya. Hishmat bai kula su ba. Ya cusa ta sama, ya ƙi. Ya cusa ta ƙasa, ya ƙi. Ya ce Turawa sun yi ramin da ƙanƙanta, ya aika aka kawo masa guduma. Ya ɗaga ke nan sai ya ji an riƙe ta ta baya.

"Motar ba ta yi maka laifi ba," Usta Gabir ya ce a hankali, ya zare gudumar ya tafi da ita.

Ranar Laraba ya mayar da na kwale-kwalen, ya dawo da wani ɗan ƙarami na tasi. Wannan ya shiga ramin, har da sauran wuri. Noti ɗaya ya kama, ɗayan ya ƙi, ya ɗaure wajen da wayar shanya ta Awatif. Ya wanke hannu, ya shiga, ya ce wa mai shayi ya kashe rediyo don jama'a su ji muryar Ingila.

Suka kuwa ji. Ƙara ce irin ta a zuba cokula cikin injin niƙa. Tantabarun layin suka tashi gaba ɗaya, wani tsoho ya ƙware da shayi, jariri ya tsala ihu a hawa na uku. Injin ko motsi bai yi ba. Da aka duba ƙarƙashin mota, garin ƙarfe ne ke zuba yana ƙyalli.

"Sabawa suke yi da juna," Hishmat ya ce. "Sabon ƙarfe da tsoho. Ilimi ne, ba za ku gane ba."

"Haƙora tara take so," Gabir ya ce da mai shayi, ba da shi ba. "Ya sa mata goma sha ɗaya. In ya ƙara murɗawa sau biyu, sai an sauke inji gaba ɗaya."

Hishmat ya yi kamar bai ji ba, ya juya baya, ya zaro biro ɗaya daga cikin ukun ya rubuta tara a tafin hannu. Yana cikin haka sai ga kwandon Madam Katina, wanda take zuro wa mai burodi da igiya, yana saukowa daga hawa na huɗu. Ya zo daidai hancinsa ya tsaya. A ciki akwai 'yar takarda. Am Shahata ya riga shi ɗauka, ya karanta da ƙarfi don kada wani ya ce bai ji ba.

"Madam ta ce saura kwana biyu. Ta ce kuma in yanka ta za ku yi, ku wasa wuƙar."

Da rana Awatif ta ajiye masa shinkafa da molohiya, miyar lalo, ta zauna ta zuba masa ido.

"Ka je ka ce Gabir ya taimake ka."

"In roƙi mai gyaran tasi?"

"Ka roƙe shi. Ka kai masa alewar baƙlawa ma. Shekara talatin ina jin labarin motar nan da safe da yamma. In ka rasa ta, wata talatin ɗin zan yi ina jin yadda aka cuce ka, ni kuma kunnena ya gaji."

"Ke ba ki san inji ba."

"Na san wayar shanyata. Ina take?"

Hishmat ya ci cokali biyu ya ture farantin. Gaskiyar magana, tsoro ya fara shigarsa. Ya leƙa taga ya ga koren bayan motar a ƙasa, ya ji kamar ya yi kuka. Amma da ya tuna da fuskokin gidan shayi, sai ya gyara zaman bironsa ya ce gobe komai zai ƙare.

Ranar Alhamis Hajji Rizk ya tarbe shi kamar ɗan gida.

"Sa'arka ta yi kyau, ya Bashmuhandis! Tara ka ce? Na Ingila? Dubi wannan. Asali ne, ba kwaikwayo ba. Shekaranjiya wani mai amalanke ya kawo, na wanke shi na canja masa gawayi."

Ya aza shi a kan kanta. Nasa ne. Wallahi nasa ne, har da tabon da sifanarsa ta yi masa a wuya ranar Litinin. Kwana uku kacal da rabuwarsu, amma Hishmat ya dube shi ya yatsine fuska.

"Wannan gawar? Haba, Hajji. Ko kyauta ka ba ni ba na ɗauka. Ba ka da na zamani?"

"Akwai, ya Basha."

Aka fito da wani a kwali, ɗan ƙarami, fari tas, haƙora tara cif. Hajji Rizk ya jona masa batir a kan kanta, ya yi fiii kamar zai tashi sama. Idon Hishmat ya kawo ruwa don murna. Mai shagon dai imaninsa ya ɗan motsa, ya yi ƙasa da murya.

"Sai dai, ya Bashmuhandis, tsofaffin motocin nan... wace wayar batir ce ke haɗe da jikin motar, ja ko baƙa?"

"Tambayar 'yan makaranta ke nan."

"Haka ne, ya Basha."

Hishmat bai kai bakin titi da kwalinsa ba wani mai tara tsofaffin motoci da ya zo daga Alƙahira ya ga tsohon kik ɗin a kan kanta, ya rungume shi, ya tafi da shi.

Sabon ya shiga ramin lafiya lau, noti biyu suka kama, abin har ya ba shi mamaki. Am Shahata ya ce a gwada mana. Hishmat ya ce a'a, kukan farko na inji irin wannan sai a gaban mai ita da shaidu. Ya rufe murfin inji ya haye sama da sauri. Ba wani shaidu, tsoro ne kawai.

Safiyar Juma'a, tun ƙarfe takwas aka fito da kujerun gidan shayi aka jera su a gefen titi. Barandodi suka cika da mata. Hishmat ya sauko cikin farar kwat, da hular direbobi, da safar hannu ta fata da ba wanda ya san inda ya samo. Ƙarfe tara daidai Madam Katina ta fito cikin baƙar riga da 'yar hula, riƙe da damin jajayen furanni. Aka ba ta kujera a inuwa ta zauna ta jira.

"Madam," Hishmat ya rusuna, "ki shirya jin muryar da kika yi kewa."

Ya murɗa makulli.

Fiiiiiii.

Kik ɗin na juyawa da daɗin ji, lafiyayye, amma bai kama komai ba. Ya sake. Fiiiiii. Wani daga baya ya tambaya ko motar Ingila da fito take tafiya.

Usta Gabir ya zo ya ɗaga murfin batir, ya duba, ya sunkuyo daidai kunnen Hishmat yadda ba wanda zai ji.

"Saurara, ya Bashmuhandis. Motocin Ingila na wancan zamani jar waya ce ke haɗe da jikinsu, ba baƙa ba. Haka aka ƙera su, komai nata a haka yake. Sabon kik ɗinka bai san wannan ba, baya yake juyawa. Kada ka taɓa komai. Ka ce za ka je ka sha ruwa, ka ba ni awa ɗaya, in bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya in daidaita su. Kai za ka kai ta, makullin naka ne. Ba wanda zai ji daga bakina."

Allah shaida, da zuciya ɗaya ya faɗa. Kuma Hishmat ya ji, ya kuma gane. Ya dubi motar, ya dubi Madam, har bakinsa ya fara haɗa to. Sai idonsa ya faɗa kan kujerun gidan shayi, mutum arba'in suna kallon bakanike yana yi wa injiniya raɗa.

Ya diro daga motar ya ɗaga hannu.

"Jama'a! Na gano matsalar! Turawan Ingila ne suka haɗa batir a juye! Shekara sittin tana yawo a haka, ba wanda ya lura, har masu gyaran tasi, sai yau da ta zo hannun ilimi!"

"Kada ka..." in ji Gabir.

"Matsa, ya Usta, ka koyi aiki."

Ya kwance wayoyin batir biyu ya musanya su. Minti biyu bai yi ba. Ya koma ya murɗa makulli, kik ya kama, inji ya yi tari sau biyu, ya tashi.

Tabɗi! Ka ga murna. Ƙarar nan mai kauri ta cika layin, mata suka rangaɗa guɗa daga sama, mai shayi ya buga faranti. Madam Katina ta dafe ƙirji, don rabonta da jin motar nan da niyyar fita tun Manoli na raye. Hishmat ya miƙe tsaye a kan kujerar mota, ya cire hula, ya buɗe baki zai yi jawabi.

"Tun ina ƙaramin yaro, 'yan'uwa..."

"Ya Bashmuhandis," Am Shahata ya ce, "tun kana ƙaramin yaro wandonka ke hayaƙi?"

Daga ƙarƙashin sitiyari yake fitowa, fari da farko, sannan baƙi, da warin roba mai ƙonewa. Ham ya kama kuka shi kaɗai ya ƙi tsayawa. Fitilu suka kunna kansu, ɗaya ta fashe. Hishmat ya yi tsalle zai fita, ƙafarsa ta sarƙe a sitiyari, ya faɗo titi da kafaɗa. Mai shayi ya sheƙo da bokitin wankin kofuna ya watsa, ganyen shayi da ɓawon lemun tsami suka rufe kujerun fata. Awatif ta ɗauko bahon wanki ta juye daga baranda. Ta ce wai motar ta nufa. Ko ɗigo bai taɓa motar ba, duk a kan mijinta ya sauka.

Gabir ne ya naɗe hannu da tsumma ya fizge wayar batir. Ham ya yi shiru, inji ya mutu, hayaƙi ya ci gaba da tashi a hankali.

Ba wanda ya yi dariya. Madam Katina ta tashi da sandarta ta zo ta tsaya a gefen motar.

"Kwana nawa, ya Usta?"

Gabir ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya girgiza kai. "Wayoyin duk sun narke, Madam. Wata guda, in an dace."

"Jirgina gobe ne."

Ta dubi furannin da ke hannunta. Mu da muke wajen tausayi ya kama mu, har mai shayi ya sunkuyar da kai. Hishmat na zaune a titi, kumfar sabulu a gira, yana ta cewa ai laifin masu kwalin ne, ba su rubuta komai ba. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Birki yana aiki?"

"Yana yi, Madam."

"Sitiyari fa?"

"Shi ma."

Ta ciro hankici ta share ganyen shayi daga kujera, ta buɗe ƙofa, ta zauna a kan jiƙaƙƙiyar fatar, ta aza furanni a cinya.

"Shiga ka riƙe, Gabir. Bashmuhandis ya yi alkawari a gaban jama'a zai kai ni Shatbi a motar nan. Zai kai ni."

Haka aka fita. Gabir a sitiyari, Madam a gefe, Hishmat a baya, hannu biyu a kan but, farar kwat ta manne masa a jiki. Da yake safiyar Juma'a ce titin bakin teku babu cunkoso, don haka duk wanda ke waje ya samu damar kallo a tsanake. Rabin gidan shayi suka biyo baya a ƙafa, wasu da kofunansu a hannu. Ba a yi nisa ba numfashinsa ya fara fita da ƙara.

"Shahata... ɗan sa hannu mana."

"Ni? Haba, ya Bashmuhandis. Irin wannan mota ai ba jahili ke taɓa ta ba."

Wani direban bas ya rage gudu ya leƙo. "Sabon samfuri ne, ya Hajji? Me take sha, fetur ko wake?" Masu kamun kifi a kan katanga suka juyo suna tafa masa. Wani ɗan sanda ya ɗaga hannu zai tsayar da su, ya duba da kyau, ya rasa laifin da zai rubuta, ya sara wa Madam.

Ita kuwa ta jingina, iska na kaɗa mata gefen hula, tana kallon ruwa.

"Ka san wani abu, Gabir? Shekara arba'in Manoli yana bi da ni ta hanyar nan, kullum a guje. Ban taɓa ganin tekun sosai ba sai yau." Ta ɗan waiga. "Kada ka yi sauri, ya Bashmuhandis. Haka ya yi daidai."

Awa ɗaya da rabi suka yi kafin su kai ƙofar maƙabarta. Gabir ya riƙe mata hannu ta sauka, ta shiga ita kaɗai da furanninta. Hishmat ya zube a gefen titi, ya jingina da tayar baya. Da numfashinsa ya dawo, sai lissafi ya dawo tare da shi. Ai ta tashi da makulli, kowa ya ji. Ai ya kawo ta, kowa ya gani. Ba a ce sai da inji ba. Ya miƙe, ya matse hularsa, ya gyara kwat, ya shiga gaya wa Am Shahata irin fentin da zai sake mata.

Madam ta fi rabin awa a ciki. Ta fito babu furanni, idanunta sun yi ja. Ta zo ta sunkuya ta zare makullin daga jikin motar, ta riƙe shi a tafin hannu tana kallo. Hannun Hishmat ya miƙe da kansa, a buɗe.

Ta kama hannun da nata na hagu, ta girgiza shi sau biyu.

"Na gode, ya Bashmuhandis. Ka sha wahala."

Sannan ta juya ta sa makullin a aljihun rigar Gabir, ta dafa wajen.

"Ka kula da ita. Ta ga abin da ya ishe ta a makon nan." Ta koma ta zauna ta ja ƙofa. "To, a mai da ni gida, ban gama haɗa kaya ba."

Hishmat ya tsaya da hannu a miƙe. Ya dubi jama'a, kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa. Ya dubi hanyar da suka biyo, doguwa, rana ta riga ta take. Ya zaga baya a hankali, ya aza tafukansa a kan koren ƙarfen da ya yi shekara talatin yana mafarki.

Usta Gabir ya gyara madubi har ya hango shi a ciki.

"Bismilla, ya Bashmuhandis. Amma cire zoben nan tukuna, kada ka kankare mini fenti."